Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Kare Muhalli Da Namun Daji A Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai, iyaye mata da 'yan uwa matasa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kwamiti ya ɗora mini rubuta wannan rahoto a matsayina na magatakarda, kuma an amince a tura wa kowa kafin babban taro, don mai gyara ya zo da gyaransa a hannu. Lissafin kuɗi ba ya ciki. Ma'aji zai karanta shi daban a gaban kowa, dala bayan dala, kamar yadda muka saba.

Ba zan bi watanni a jere ba. Zan fara da abin da ya fi tsaya mana a rai, wato itatuwa.

A watan Janairu mun fita zagayen duba dashen da muka yi a Agustan 2023. Abin da muka tarar bai yi mana daɗi ba. A wasu wuraren sai rami kawai da guntun kara. Wani wurin ma mun tono dashen da ya bushe, muka iske an binne shi da ledarsa, saiwar ta naɗe a ciki ta rasa hanyar fita. Ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi, domin mu ne muka kai, mu ne muka dasa, mu ne kuma ba mu koma ba. Tun 1975 ƙasarmu Nijar ta ware 3 ga Agusta don dashen itatuwa. Da duk abin da aka sa a ƙasa a wannan rana cikin kusan shekara hamsin ya rayu, da ƙasarmu ta Adar ba haka take ba a yau.

Da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga babban kuskurenmu yana cikin kalanda. Mafi yawan dashenmu a farfajiyar makarantu muke yin shi, ga shi kuwa 3 ga Agusta tsakiyar babban hutu ne. Daga ranar da muka tattara kujeru muka tafi har a koma aji a watan Oktoba, babu yaro babu malami, sai awaki. Ruwan sama yana ɗaukewa a daidai lokacin da yara ke dawowa, kuma babu wanda aka ce ga icenka. Abin da ba na kowa ba, ai na akuya ne.

Saboda haka bana muka sauya tsari. Muka rage yawan dashe ƙwarai, muka ce kowane ice sai da mai shi, kuma ba a haƙa rami sai shinge ya samu, ko na ƙaya ko na tsohon tubali. Muka karkata ga ƙofar gidaje, bakin masallatai da wuraren da mata ke sana'a. A masallatai mun ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin icen, ruwan da a da ke kwarara titi ya zama ban ruwa sau biyar a yini ba tare da an wahalar da kowa ba. Cikin gari mun sa dogon yaro saboda inuwa, a bayan gari kuma aduwa, magarya, bagaruwa da gawo, waɗanda suka san ƙasar nan tun kafin mu. Wasu daga cikinku sun yi ƙorafin cewa bikin bana bai yi armashi ba, babu rumfa babu kiɗa. Gaskiya ne, kuɗin rumfar ne ya tafi wajen shinge, kuma ni dai ina goyon bayan a ci gaba a haka. A zagayen da muka yi a watan Nuwamba mun iske mafi yawan dashen a raye. Amma kada mu yi saurin murna: damanar bana ta zo da ruwa mai yawa, har ta yi ɓarna a sassan ƙasar, gidaje suka rushe aka rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukuncin gaskiya sai bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa zai yi tsada kuma dabbobi za su rasa ɗanyen abu.

Ranar muhalli ta duniya, 5 ga Yuni, bana takenta ya tsaya kan farfaɗo da ƙasar da ta mutu da yaƙi da fari, kuma Saudiyya ce ta karɓi baƙuncin bikin. Mun ji daɗin wannan take domin maganar gidanmu ce. A shirin da muka yi a rediyo ba mu ɗauko misali daga nesa ba. Mun tuna wa masu saurare aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar tuddai. Mun tuna layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don kare gonaki daga iska. Mun yi maganar tassa, 'yan ramukan da manoman Illela da Badagishiri ke haƙawa a fako su zuba taki, har hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta tsira a da. Mun kuma yi maganar sassaben zamani, wato manomi ya bar kututture ya yi toho, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya sare sauran. Da wannan dabara, wadda ta bazu daga yankin Maradi a shekarun 1980, an dawo da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Matasa da yawa da suka bugo waya ba su taɓa jin wannan tarihi ba, alhali iyayensu ne suka yi aikin da hannunsu.

Ranar yaƙi da hamada, 17 ga Yuni, ta faɗo cikin kwanakin babbar Sallah. Tun farko mun san babu mai zuwa taro, sai muka bi mutane inda suke. Kowa ya san irin icen da ake ƙonawa a ranar layya wajen gasa raguna a ƙofar gida, da yadda amalanke ke shigowa gari da kaya tun mako biyu kafin Sallah, wani icen ma ɗanye. Ba mu je da wa'azin hana gashi ba, wannan ba hurumin kowa ba ne. Abin da muka roƙa shi ne maƙwabta su haɗa wuta ɗaya su jera ragunansu a kewaye, maimakon kowane gida ya hura tasa. Tsohuwar al'ada ce da ma, son kai ne ya fara kashe ta. Limamai biyu sun taya mu, suka kawo hadisin da ke nuna cewa duk musulmin da ya dasa ice ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wasu layuka sun karɓa, wasu sun ce sai baɗi.

Yanzu maganar angulu, wadda ita ce ta ci mafi yawan lokacinmu.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san lokacin da angulu ke cika mayanka da bayan kasuwa, har sai an kore su. Ku duba sama yau ku gani. Hausawa na cewa angulu ba ta jewar banza, to rashinta ma ba banza ba ne. Tun 2015 masana suka sa irin angulun da ke zama kusa da mutane cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Abin da ke kashe ta iri biyu ne. Akwai guba da ake sa wa mushe don kashe kura ko dila ko karnukan da ke damun dabbobi, angulu ta sauka ta ci su mutu rututu. Akwai kuma masu neman kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu, kasuwar da ta ratsa ƙasashen yammacin Afirka. A Gine Bisau, tsakanin 2019 da 2020, an kashe angulu fiye da 2,000 da guba saboda wannan ciniki.

Mun ƙaddamar da kamfen ɗin kare angulu a ranar namun daji ta duniya, 3 ga Maris, wadda bana ta faɗo Lahadi, ranar kasuwar Tawa. Da farko mun yi niyyar zagayawa da lasifika, sai wani dattijo cikinmu ya ce a'a, wanda aka kunyata a kasuwa ba ya sake sauraro. Muka bi shawararsa. Muka fara da gaisuwa wajen shugabannin mahauta, daga nan makiyaya a kasuwar dabbobi, daga ƙarshe masu maganin gargajiya, kowa a zaurensa. Abin da ya fi kama hankalin makiyaya shi ne labarin Indiya. A can wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya kashe kusan dukkan angulun ƙasar a shekarun 1990. Mushe ya taru babu mai ci, karnuka suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Makiyayi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san abin da mushen saniya ke zama idan ya kwana uku a bakin rijiya.

Zama da masu magani ya fi wuya, kuma mun koma sau da yawa. Ba mu je musu da zagi ba, domin cikinsu akwai iyayenmu da muke zuwa wajensu neman sassaƙe da saiwa. Wasu sun yi alkawarin daina sayen sassan angulu, kuma sun ce akwai tsirrai da suke amfani da su a madadinta. Wasu sun saurare mu sun yi shiru. Ba zan ce muku cinikin ya tsaya ba, amma yanzu ana maganar a fili, har mahauta sun fara kiranmu idan sun ga baƙon da ke tambayar angulu. Mun kuma karanta wa jama'a abin da dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ta tanada, cewa farauta sai da izini, kuma akwai dabbobin da ba a taɓa su sam. Jami'an gandun daji sun raka mu wasu fitowar, muna godiya gare su.

Da yara kuwa, maganar tsuntsaye ce ta fi shiga. A ranar dausayi ta duniya, 2 ga Fabrairu, mun kai wasu ɗalibai tafkin Tabalak da ke kan hanyar Agadas. Shi da tafkin Dan Dutsi suna cikin dausayin da yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar ta amince da muhimmancinsu a duniya tun 2005, duk biyun a jiharmu. Yaran sun ga tsuntsayen da suka ƙetaro teku da hamada daga Turai don su yi sanyi a wajenmu. Wani yaro ya tambaya ko suna komawa gida. Da aka ce masa e, idan ba a harbe su ba, sai ya yi shiru ya tura danƙonsa cikin aljihu. A watan Mayu mun koma azuzuwa da maganar shamuwa, wadda zuwanta ke gaya wa manomi ya gyara iri, da dalilin da ya sa iyayenmu ba sa barin a taɓa sheƙarta. A nan ne muka ba su labarin raƙuman dawan Kure, waɗanda suka rage 49 kacal a 1996, aka tsare su har suka haura 600, aka kuma kai takwas gandun dajin Gadabeji a 2018. Mun so yara su san cewa abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa idan mutanen wurin suka tsaya masa.

Akwai abin da muka yi alkawari ba mu cika ba. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta watan Oktoba ta wuce ba mu yi komai ba, saboda yawancinmu suna gona wajen girbi, wasu kuma na gyaran gidajen da ruwa ya rusa. Tallafin da muka sa rai daga wani abokin hulɗa bai zo ba, shi ya sa gandun renon itatuwa da muka tsara bai tashi ba, har yanzu sayen dashe muke yi. Aikin leda ma ya tsaya a shara biyu kafin damana a kewayen tafkin Babaye. Mun kwashe, bayan mako uku ta dawo. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da wannan 'yar siririyar leda da sayar da ita, amma kowa ya san abin da yake gani a kasuwa, kuma mahauta sun nuna mana irin dunƙulen da suke cirowa daga tumbin akuya. Taken 5 ga Yunin 2025 zai tsaya kan gurɓatar roba da leda, saboda haka kwamiti na ba da shawarar mu fara zama da 'yan tebur da masu sayar da ruwa tun watan Fabrairu, kada mu jira ranar.

Iyaye mata sun cancanci godiya ta musamman. Su ne suka riƙe ban ruwan dashen ƙofar gida da ruwan wanke-wanke, kuma su ne suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci. Sun nemi a ƙara musu kujera a kwamiti, an sa buƙatar cikin abin da babban taro zai yanke.

Sauran abin da za a tattauna su ne gandun reno da kuɗin aljihunmu, ci gaba da ziyarar masu magani har zuwa kasuwannin ƙauye, da rabon unguwanni don zagayen bazara. Muna neman mutum biyu daga kowace unguwa da za su riƙa duba dashe duk Juma'a bayan la'asar, daga farkon Maris har ruwa ya sauka. Wanda ya ɗauki ice bana ya zo taro da labarinsa, ko yana raye ko ya mutu, domin da shi za mu cika rajista. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin ranar.

Wassalamu alaikum.

Magatakarda, a madadin kwamiti
Tawa, Disamba 2024