Barka da Sallah daga Nahalal

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Tun asuba na gama tatsar shanu a nan Nahalal, ƙauyen da nake aiki a arewacin Isra'ila, na hau mota zuwa birnin Nazarat, can na samu Idi cikin Larabawa. An yi kabbara, an rungumi juna, aka miƙo mini gahawa mai ɗaci da alkakinsu mai dabino a ciki. Sun kyauta mini ƙwarai. Amma Inna, tuwonki nake nema. Na san war haka an kwashe tuwon shinkafa, taushe na tashin ƙamshin kabewa da man shanu, Auta ta ɗauki langa tana zagaya maƙwabta, ta kai kwano ɗaya ta dawo da biyu. Nan ko ƙofa ba wanda ya ƙwanƙwasa mini, yau ranar aiki ce ga mutanen garin nan.

Baba, ka tambayi labarin garin. Yahudawan da suka yo ƙaura daga gabashin Turai ne suka kafa shi a 1921, shi ne na farko cikin ƙauyukan manoma da suke kira moshav. Fadama ce a lokacin, ga sauro ga zazzaɓi, sai da suka haƙa magudanai suka janye ruwan. Wani mai zanen gine-gine, Richard Kauffmann, ne ya zana garin zagaye kamar faifai: gine-ginen jama'a a tsakiya, gidaje kewaye, gonar kowa ta miƙe daga bayan gidansa. An raba gonakin daidai wa daida, a wancan lokacin saye da sayarwa tare ake yi, wanda ya kwanta ciwo maƙwabta su nome masa. Gayya ce, Baba, irin wadda kake cewa tana neman ɓacewa a garinmu. A nan Moshe Dayan, tsohon ministan tsaron Isra'ila, ya girma, nan kuma aka binne shi.

Abin da ke tsaya mini a rai, daga hannun gidan Sursock, attajiran Beirut, aka sayi filin, ƙauyen Larabawa na Ma'alul da ke kusa kuwa kango ne tun 1948. Da shi a zuciyata na yi addu'ar Idi.

A gaida Kawu da mutanen gidansa, da Yaya. Iya kuwa a durƙusa a gaishe mini da ita sau uku, a tambayi ƙafarta, a ce goron Sallarta na nan tafe, kada ta ce na manta da ita. Auta, wa ya yi miki lalle bana? Ki turo mini hoton hannun. Inna, in an samu mai zuwa, a ƙullo mini daddawa.

Ɗanku.