A auna ƙasar tsofaffin masana'antu kafin a yanka filaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan tsofaffin masana'antun Kakuri da ke Kaduna. Duk inda aka zauna hirarsu, lissafin kuɗin filin ake yi, ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ke cikin ƙasar ba.

A unguwar nan na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗakin rini na wata masaƙa ya yi aiki, kuma har ya bar duniya faratansa ba su daina shuɗi ba. Muna yara, daga ruwan kwata muke gane launin atamfar da ake bugawa ranar, yau ja, gobe kore, ya gangara rafin Makera ya faɗa Kogin Kaduna. Masaƙa ta farko an buɗe ta a 1957, zamanin Sardauna, yawancinsu kuma sun durƙushe ne a farkon shekarun 2000. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana zubar da rini da soda da baƙin mai. Wani kaso ruwa ya tafi da shi, wani kuwa ƙasa ta shanye, yana nan.

Bara ƙanin matata ya sayi fili jikin katangar wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Da aka zo haƙa rijiya, a gaba na huɗu masu haƙa suka fara fito da baƙar ƙasa mai warin mai. Ruwan da ya taru, maiƙo ne ke yawo a kansa. Dillalin ya ce a kwashe ta sau uku za ta washe. An kwashe sau biyar. Yanzu wajen 'yan garuwa yake saye, ga yara huɗu suna wasa a tsakar gidan.

Amurka ta sha wannan ɗacin kafin mu. A birnin Niagara Falls, wani kamfanin sinadarai ya binne sharar guba sama da tan 20,000 a wani tsohon magudanar ruwa da ake kira Love Canal, sannan a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin kan dala ɗaya. Aka gina firamare, gidaje suka kewaye ta. Sai a 1978, bayan guba ta yi ta ɓullowa a gidajen mutane, Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci aka kwashe iyalai. A 2002 suka yi doka ta musamman kan tsofaffin filayen masana'antu: hukumar kare muhallinsu na ba birane kuɗi su auna ƙasa da ruwan ƙarƙashinta, in an sami guba a tsabtace, sannan a gina abin da za a gina. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda ya sayi fili bayan ya yi bincike yadda doka ta ce, ba a ɗora masa laifin gubar da ya tarar. Wannan ya sa masu kuɗi suka daina gudun irin wuraren. A 2021 ma sun ƙara wa shirin dala biliyan 1.5.

Na san za a ce mu ina muka ga irin wannan kuɗi. To ai ban ce a fara da tsabtacewa ba, awo nake magana. A tona ramuka, a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za su iya. Muna da Asusun Muhalli na tarayya tun 1981, muna da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, jiha ma tana da tata hukumar muhallin. Kuma mun ga abin da jinkiri ya jawo a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, aka koma ana kankare ƙasar tsakar gidaje ana zuba sabuwa. Can haƙar zinariya ce, amma ƙasar da yaro ke wasa a kai ita ce dai ta ɗauki gubar.

Kiran da nake yi ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu: a ware kuɗi a kasafin baɗi don auna filayen Kakuri, kada kuma a ba kowa takardar mallaka ko izinin gini a tsohon filin masana'anta sai an ga sakamakon awon, a liƙa shi inda mai saye zai karanta. Mutanen Kano ma su duba Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda kamfanonin jima suka daɗe suna aiki da sinadarin kuromiyam.

Surukin nawa ya rufe rijiyar da fallen kwano ya ɗora dutse. Makon jiya na ga an fara zuba harsashin makarantar Islamiyya a filin da ke bayansa.

Naka,
Mai karatu daga Kakuri, Kaduna