Hope Waddell ba makarantar akawu ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita. Wallahi shirinku na ranar Lahadi ya ɓata min rai, har yau abin na cina shi yasa nace bari dai in rubuto. Yaya za a yi mai gabatarwa ya buɗe baki yace wai Turawan Ingila ne suka gina makarantar Hope Waddell ta Kalaba don su samu akawu masu riƙe musu biro? Haba dan Allah! Na farko ma ba 'yan Ingila bane, mishan ɗin cocin Firesbiteriyan ne daga Sikotilan suka buɗe ta a 1895, suka sa mata sunan limamin da ya sauka Kalaba a 1846, kuma 'yar mishan Mary Slessor na cikin waɗanda suka matsa lamba sai an yi ta. Abin da aka kafa ta dominsa sana'ar hannu ce tare da karatu, kafinta da gini da ƙira da ɗinki da buga littattafai, amma ko sau ɗaya ban ji kun ambata ba, kun ɓata kusan rabin lokaci kan wasan ƙwallon da makarantar ta buga da sojojin ruwa a 1904, sai cewa Zik (Nnamdi Azikiwe) ya yi karatu a can, shikenan kun rufe.

Ni a Bogobiri aka haife ni, unguwar Hausawa ta Kalaba. Babanmu Allah ya jiƙansa kafinta ne, kuma wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne ɗan Efik da ya fito daga wannan makaranta. Baba Musulmi, maigidansa Kirista, shekara bakwai suna tare bai taɓa hana shi tashi sallah ba. Da zarto da guduma Baba ya ciyar damu mu tara, ya aurar da yayyena mata, akwatin katakon da ya haɗa wa innarmu ba ƙusa ko ɗaya a kusurwoyinsa yana nan a ɗakina har gobe. To ace wai makarantar akawu? Ina sauraro ina ji kamar an zagi Baba ne a gabana wallahi.

Ko Akanu Ibiam ma da kuka kira sunansa a gurguje, ai ɗalibinta ne, likita, ya dawo ya shugabance ta kafin ya zama gwamnan Gabas a 1960, wannan ma kun tsallake. Kuma tunda kunce tarihin sauyin zamani kuke bayarwa, me ya hana ku tambayi abin da ya faru da koyon sana'a bayan yaƙin basasa da gwamnati ta karɓe makarantun mishan, kowa ya koma neman takardar shaida? Nan ne labarin yake. Yau yaranmu na yawo da kwali a hannu basu iya gyara ƙofar ɗakinsu ba, ni abin na mini ciwo sosai. Ku sake shirin nan, ku nemo tsoffin ɗalibai suna nan da ransu a Kalaba su faɗa da bakinsu.

Sannan dan Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa sau uku cikin shirin minti talatin ya isa haka, muna zaune da yara da surukai ana wannan bayanin, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Naku mai sauraro,
daga Bogobiri, Kalaba