A gaya wa Dakta, babi na ɗaya ba aikin dare ɗaya ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, kan shirinku na ilimi na daren Talata na rubuto, kuma ba yabo na kawo ba.

Daktan nan da kuka ba kusan sa'a guda, da bakinsa ya ce babi na ɗaya shi ne mafi sauƙi a kundin kammala karatu. Wai ɗalibi ya shiga laburare ya ɗauko tsohon kundi mai kama da nasa, ya bi sawu, a dare ɗaya ya gama. Har da dariyarsa. Shi kuma mai gabatarwa, maimakon ya taka masa burki, sai cewa ya yi, "To, ɗalibai kun ji." Sun ji kuwa, don tun washegari nake shan wannan magana a bakin yara, an ba su hujja daga rediyo.

Ni ba malamin jami'a ba ne. Takardar NCE gare ni, sana'ata kuma buga takardu a shago, bakin ƙofar wata kwaleji a nan Kano, tun ana kawo aiki a faifan CD. Amma a kan babi na ɗaya ba na jin Dakta zai nuna mini karatu. Shi in ya gaji yana iya tsallake shafi ya sa hannu. Ni kuwa dole kowace kalma ta bi ta yatsuna.

Bari in gaya muku abin da "bin sawun tsohon kundi" ya haifar. Ɗan sashen ilimi, ko mene ne taken aikinsa, shimfiɗarsa, wato bayanin da ke buɗe babin, daga Badagiri za ta taso, zuwan 'yan mishan a 1842. Daga nan ya gangaro makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa a 1909, ya bi ta shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, na 1976, ya sauka a dokar ilimin matakin farko, UBE, ta 2004. Ɗan sashen Hausa kuwa, ko kan waƙoƙin daka zai yi nazari, ko kan karin maganar mahauta, sai Bayajidda ya iso Daura, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, an lissafa Hausa Bakwai da Banza Bakwai tukuna. Na sashen addini daga jihadin 1804 zai ɗauko. Ba ƙarya suka rubuta ba. Amma shafi biyar, shafi shida, har yanzu mai karatu bai san abin da ya dami yaron nan ba. Kamar ka tambayi mutum hanyar Sabon Gari ne ya zaunar da kai ya fara ba ka tarihin gina ganuwa. Kuma kusan jimla ɗaya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu, har kuskuren rubutun da wani ya yi shekaru goma baya yana nan ana gadonsa. Akwai kalmar da in na ga an rubuta ta a karkace, na san daga wane tsohon kundi aka kwaso.

Wata yarinya ta kawo mini nata bara, rubutun hannu a doguwar takarda, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane kanu. Takenta mai kyau: rashin zuwan 'yan mata makarantar firamare ranar kasuwa, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gaya. Ina bugawa na iso farfajiyar bincike, inda ake faɗin iyakar aikin, sai na ga an ce aikin zai taƙaita ga makarantun sakandare na Gwarzo. Na ɗago kai na ce, "'Yata, Gaya ko Gwarzo? Firamare ko sakandare?" Ta leƙo, ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Baba, haka yake a wanda na duba."

Na ajiye aikin na tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan batu. Nan take bakinta ya buɗe. Ta ce lokacin koyarwar gwaji 'yan aji biyar aka ba ta. Duk ranar kasuwa, in ta shiga, bencinan gefen taga inda 'yan mata ke zama fayau suke, sai maza. In ta fito tara za ta gan su a bakin titi da farantin gyaɗa da bokitin awara, wasu ma da rigar makarantar a jikinsu, suna ɓuya in sun hango ta. Ta buɗe rijista ta ga abin ya daɗe. Ta yi wa hedimasta magana ya ce ya yi ya gaji, iyaye mata sun ce da kuɗin tallan ake tara kayan ɗaki. Na ce mata, "To ai ga dalilin bincikenki nan, kin faɗe shi a tsaye cikin minti biyu. Me ya hana ki rubuta haka?" Ta ce, "Baba, ai ba haka ake rubutawa ba. Wannan ai labari ne kawai."

Wannan amsa ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma ita Dakta ya zo ya ƙara wa ƙarfi. Yarinya ta ga matsala da idonta, ta ƙirga ta a rijista, amma an sa mata a kai cewa abin da ta gani bai isa shiga kundi ba, sai abin da wani ya kwafo daga wani. Shafi shida na Badagiri ta ɗauka shi ne ilimi.

Dakta ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa babin nan shi ke riƙe da sauran huɗun. Daga dalilin bincike manufofi ke fitowa. Kowace manufa ita ke haifar da tambayar bincike, tambayoyin su ke tsara abin da za a je a tambayi mutane, amsar kuma ita ce babi na huɗu. In ka aro manufofin wani, ka ɗaure kanka da alkawarin da ba kai ka ɗauka ba. Sau nawa na buga kundi mai manufa huɗu, tambaya uku, babi na huɗu kuma yana amsa wata aba daban da ba a taɓa ambata ba? Ranar difens, wato ranar kare kundi a gaban malamai, ba wahala mai jarrabawa yake sha ba. Yatsa ɗaya zai sa a shafin manufa, ya buɗe babi na biyar da ɗaya hannun, ya ce, "Nuna mini inda ka cika wannan." Daga nan sai zufa. Sai a dawo shagona da jan biro ko'ina, ido ya yi ja, ana cewa malami mugu ne.

Malaman kirki, kuma akwai su, abin da na ji suna gaya wa ɗalibansu shi ne a rubuta babin farko a matsayin na wucin gadi, in an gama tattara bayanai a dawo a sake shi. Dole ne ma. Ka rubuta za ka zaga makarantu goma, kuɗin mota ya kai ka uku, ai farfajiyarka ta canza. Ka shiga da zaton talauci ne kaɗai sanadi, ka tarar da wani abu daban, ai shimfiɗarka ma sai ta motsa. Babin da ake komawa a gyara bayan an gama komai, shi ne za a ce wa yara su gama a dare ɗaya?

Muhimmancin bincike kuwa kada ma a tone. "Wannan aiki zai amfani gwamnati, da iyaye, da malamai, da ɗalibai, da al'umma baki ɗaya." Yatsuna sun haddace ta, ko ido rufe zan buga. Wace gwamnati? Ta yaya? Da yarinyar nan ta ce aikinta zai taimaki hedimasta da kwamitin makarantar su san ko a matsar da darussa masu nauyi daga ranar kasuwa, da ta faɗi abin da za a iya kamawa.

Kada wani ya ce ina hana duba tsohon kundi. A duba, a ga yadda sashe yake son a jera kanu, a ga yadda ake kawo manazarta. Amma ba haka Dakta ya faɗa ba, ku sake sauraron faifanku. Cewa ya yi a bi sawu a canza abin da ya kamata a canza. Wannan kalma, wallahi, talla ce kyauta ya yi wa wasu abokan sana'armu da ke da ɗaruruwan tsofaffin kundaye a filas, ka biya a sauya suna da gari da shekara, a yi maka bango. Yanzu ga ChatGPT ya ƙaru, yaro ya kawo babi sumul daga waya, ka tambaye shi ma'anar layin farko ya kama sosa ƙeya, sunayen littattafan da ke ciki kuma wasu a neme su a rasa.

Ni in don aljihuna ne, shiru ya fi mini. Duk babin da aka dawo da shi, sabon bugu ne, sabon kuɗi. Amma na san daga inda kuɗin ke fitowa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga fetur ɗin janareta, ga takarda, ga tawada, kuɗin shafi ya tashi ba da son ranmu ba. Na ga ɗalibin da ya tsaya yana ƙirga canji a tafin hannu, yana roƙon in buga gyaran shafi biyu kawai sauran ya lallaɓa da biro. Irin waɗannan ake gaya wa su bi hanyar da za ta sa a yi ta dawo musu da aiki.

Abin da nake nema, ku sake shirin. Ku kawo malamin da ke zama da ɗalibai yana duba aiki layi-layi, ku ba shi babi na ɗaya na gaske, a ɓoye sunan mai shi, a karanta a gyara a iska kowa ya ji. Kuma mai gabatarwa ya riƙa tambaya, ba kowace magana ake ce wa "haka ne, Dakta" ba.

Sannan, tunda na riga na ɗauki biro: tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri, ku ji tsoron Allah. Wata baiwar Allah ta samu layi da ƙyar tana tambayar bambancin manufa da muhimmanci, ba ta rufe baki ba kuka katse ta, aka sako mutumin nan yana ambaton abubuwan da ba a faɗa gaban yara. A tsakar gida muke sauraro, da uwargida da 'ya'ya mata, sai da na yi wuf na rage murya. Da aka dawo kuma ba wanda ya koma kan tambayarta. In dole sai kun karɓi kuɗinsa, ku kai shi can bayan sha biyun dare.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani mai buga takardu, Kano.