Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan ciwon marar da aure ba ya warkarwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Ina da ƙanwa da ta shekara goma sha ɗaya tana birgima a ƙasa duk wata kafin a faɗa mana sunan abin da ke damunta: endometiriyosis.

Ba zan koya wa likita karatu ba, amma saboda iyayen da za su ga wannan takarda: wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan ma'ajiyar ƙwai ko hanji ko mafitsara. Idan al'ada ta zo shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita, sai ya bar tabo, kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190. Ajina ɗalibai sittin ne, lissafin ba wuya.

Tun ƙanwata tana aji uku ake ce mata ta yi haƙuri, da ta yi aure zai daina. Ta yi auren, sai ciwon ya bi ta har shimfiɗar miji, dangi suka fara gunaguni wai ƙin mijin take. Aka ce sanyi ne, ta sha magunguna ba adadi. Aka ce namijin dare ne, aka yi ruƙiya. Mai kemis na unguwa kuwa ya saba mata da allurar kashe zafi ta fentazosin, har muka fara tsoron allurar fiye da ciwon. Ranar da aka gano cutar a wani asibitin kuɗi, magana ɗaya aka yi mana: tiyata, a kan kuɗin da ya fi albashina na shekara. Wata likita ce daga baya ta ɗora ta a kan ƙwayar da ke tsayar da al'ada, ta tura ta wurin masu gashin ƙashi, ta koya mata lokacin shan maganin zafi. Ba ta warke ba, don har yau cutar ba ta da maganin da ke kawar da ita. Amma ta koma ɗinkinta.

Tiyata tana da gurbinta, idan ƙullutu ya girma ko naman ya toshe hanji ko hanyar fitsari. Sai dai ciwon kan dawo bayanta, kuma ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta faɗa a ƙa'idarta ta 2022 cewa ba sai an leƙa cikin mace da na'ura ba kafin a fara mata magani. Kai da ka shugabanci hukumar lafiya matakin farko daga 2008 zuwa 2011 ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi: aikin zai iya farawa daga asibitin mazaɓa.

Kayan aikin ma suna can. Ƙwayar sha, allurar wata uku, robar hannu, da robar mahaifa mai sinadari duk suna rage wannan ciwo. Matsalar ita ce an ajiye su a ɗakin da aka rubuta "tazarar haihuwa" a ƙofarsa. Wace uwa ce a Fagge ko Misau za ta riƙo hannun 'yarta budurwa mai shekara 16 ta shiga ɗakin nan, mata na zaune a benci suna kallo? Ko ta daure ta shiga, tambayar farko ita ce ina mijinta. Ina roƙo a fitar da umarni a rubuce cewa waɗannan magunguna ne na ciwon mara mai tsanani, a riƙa bayar da su a ɗakin duba marasa lafiya kamar kowane magani. Wadda ke neman haihuwa kuwa, tunda ba su dace da ita ba, a tura ta gaba da wuri.

Sai ma'aikata. Cikin horon da ma'aikatarka ta ɗauki alkawarin bai wa ma'aikatan lafiya 120,000, a ware wa wannan ciwo ko da awa biyu. Su san tambayoyin da za su yi: ciwon yana hana ta makaranta ko aiki? Tana jin zafi wurin bayan gida lokacin al'ada? Su san cewa ibufurofen ya fi aiki idan an fara shi kafin ciwon ya kankama, kuma bayan an ci abinci, don na ga yarinyar da ta jawo wa kanta gyambon ciki da shan sa kan yunwa.

Gashin ƙashi kuwa mun ɗauka na masu shanyewar ɓarin jiki ne kawai. Shekarun ciwo kan ɗaure tsokar ƙugu ta kasa sakewa, kuma akwai atisayen da ke kwance ta. Ana bukatar mata masu wannan ƙwarewa, don 'yan uwana ba za su kwanta wa namiji ya yi musu ba. Ina roƙo hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta saka wannan hidima da ƙwayar dayanojes, mai rage ciwon wannan cuta, cikin abin da take biya. Gasa mara da gorar ruwan zafi, tafiyar ƙafa, isasshen barci, da samun wanda zai saurari mace ya yarda ba raki take ba, duk suna taimakawa. Shayin citta ma yana ɗan sassauta ciwon al'ada, amma ba ya narkar da komai, duk abin da masu tallar haɗi a TikTok za su faɗa.

Ostireliya ta fitar da tsarin ƙasa kan wannan cuta a 2018, Faransa a 2022. Ni ban kai ga neman haka ba tukuna. Akwai ɗalibaina biyu da za su zauna jarrabawar WAEC bana, kowace tana rasa kwana uku zuwa huɗu duk wata, kuma abin da ke cikin akwatin maganin makarantarmu farasitamol ne da auduga.

Wassalam.

Daga wata malamar makaranta, Kano.