Kafin Ku Shiga Fadama da Hilux a Daminar Bana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu mu yi magana da masu motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, waɗanda da ruwa ya sauka za ka ga sun bar kwalta sun nufi ƙauyuka: masu sayen shinkafa, malaman gona, ma'aikatan rigakafi, da masu zuwa kallon Matan Fada a Argungu ko bakin Kwara a Yauri. Da yawansu gani suke tunda motar na da agzilari, wato giyar jan ƙafa huɗu, ba inda za ta kafe. Tana kafewa, kafewarta ma ta fi ta ƙaramar mota muni, domin ita sai ta yi nisa cikin taɓo kafin ta tsaya. Mafi yawan ɓarna da rauni kuwa wajen fitar da motar ake samunsu.

Ƙasar Kebbi ba iri ɗaya ba ce. Daga Kangiwa zuwa Kamba yashi ne. Wajen Zuru duwatsu ne da burjin da ruwa ya zaizaye. Fadamar gulbin Rima kuwa, tun daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bunza, baƙar laka ce mai yaudara: rana ta busar da samanta ya tsattsage kamar ya mutu, ƙarƙashi kuwa kunu. Akuya ta bi ta wuce, mai babur ma ya wuce, mota mai tan 3 ta zo ta nutse har aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu.

Giyar H4, mai jan ƙafa huɗu da gudu, ta burji ce da yashi da santsi. L4, mai jan ƙafa huɗu a hankali da ƙarfi, ta taɓo mai zurfi ce da hawa mai tsauri, kuma sai an tsayar da mota cak an fitar da ita daga giya ake saka ta. Tun kafin a shiga wuri mai wuya ake sakawa, ba bayan taya ta fara haƙa ba. Tsofaffin motoci masu makulli a tsakiyar ƙafafun gaba, sai an sauka an murɗa duka biyun, in ba haka ba giya ta shiga amma gaba ba ta ja. Da an hau kwalta a mayar H2, wato jan ƙafafun baya kawai. Hilux ba ta da abin da ke bambanta gudun gaba da na baya, don haka tafiya da H4 a busasshiyar kwalta na ɗaure farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, sitiyari ya yi nauyi a kwana, taya ta cinye, ƙarshe wani haƙori ya karye a akwatin giyar.

Abin da direbobinmu suka fi rainawa shi ne iskar taya. Masu faci kan ɗura 45 ko 50 a geji wai don taya ta daɗe. A yashi wannan taya wuƙa ce, yankawa take tana nutsewa. A sauke ta zuwa 18, ko 16 in yashin ya yi laushi ƙwarai. A laka kamar 20 zuwa 22. Tafin tayar da ke taka ƙasa sai ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, motar ta hau saman yashi kamar ƙafar raƙumi. Amma fa da sharaɗi: kada gudu ya wuce kilomita 40 a awa, kada a karya kwana da ƙarfi, domin taya mai ƙarancin iska na iya zamewa daga rim. Kuma da an dawo kwalta a mayar da iskar yadda aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba, don taya mara iska a guje zafi take yi ta fashe. Shi ya sa ɗan geji da famfon iska mai aiki da batirin mota suka fi manyan fitilun da ake jerawa a rufi amfani nesa ba kusa ba.

Mota ta tsaya tayoyi na juyawa a wuri ɗaya? Ɗaga ƙafa daga totur nan take. Duk juyi ɗaya kabari take haƙa wa kanta. A gwada ribas a hankali kan sawun da aka shigo. In ta ƙi, a sauka a leƙa ƙarƙashi. Idan cikin motar ko aksul ya zauna a ƙasa, tayoyi ba su ɗauke da nauyi, ko tarakta aka kawo sai an karya wani abu. Nan aikin shebur ne mai dogon ƙota: a kwashe laka daga ƙarƙashin aksul, a yi gangare a gaban kowace taya ta ɓangaren da za a fita. Sai a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya da jak, a cusa rassa ko kara ko buhun yashi a ramin. Jak ba ya tsayawa a laka sai da katako a gindinsa, mai kauri kamar santimita 5, faɗi 30 ta kowane gefe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sai maganar ja, inda rai ke salwanta. Igiyar ɗaure kaya da igiyar rijiya ba su da hurumi a nan. Sarƙa ba ta miƙewa, saboda haka ta jan sannu ce kawai. Aka fizge ta, ko ta tsinke ko ta ɓalle abin da aka ɗaura mata. Akwai igiyar fizga ta lailon, mai faɗi kamar ɗamara, tsawonta mita 9, wadda ke miƙewa kusan kashi 20 cikin 100 sannan ta dawo, dawowar ce ke tumɓuko motar. Ƙarfinta ya zama ninki biyu zuwa uku na nauyin ƙaramar motar cikin biyun, wato ga Hilux mai kaya a nemi mai tan 8. Wadda ta fi haka ƙarfi da yawa ba ta miƙewa yadda ake so, ta koma sarƙa ke nan.

Ina za a ɗaura ta? Kada a kuskura a rataya ta a ƙwallon ƙarfen nan na baya da ake maƙala tirela. Wuyansa kan ɓalle, igiyar da ta miƙe ta harbo shi kamar gwafa, ya fasa gilashi ya samu wanda ke zaune a ciki. An rasa rayuka ta wannan hanya. Haka 'yan zobban da ke ƙarƙashin bamba, na ɗaure mota ne a jirgin ruwa, ba na ja ba. A sa makaniki ya ɗaura ƙugiya mai kauri a ƙashin motar da manyan kusoshi masu lamba, kada a yarda da walda ta gefen titi. Ƙarfen haɗi mai siffar baka, wanda ake kira shakul, ya kasance an buga masa nauyin da yake iya ɗauka a jiki, tan 3.25 ko 4.75. A ɗaure kusarsa sannan a warware rabin juyi, don kada ta cije bayan ja. In igiya ɗaya ba ta kai ba, kada a haɗa biyu da shakul. A sarƙa bakin wannan cikin na waccan, a soka guntun icce a tsakani don a iya kwancewa.

Kafin a ja, a yafa jiƙaƙƙen bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiyar, in ta tsinke ya danne ta ƙasa. Yaran gari, da ba a rasa su a irin wannan wuri, a kore su nesa da tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, ta gefe. Mutum ɗaya ne zai ba da umarni. Mai ja ya bar sakin kamar mita 2, ya tashi a giya ta biyu ta L4 ba da gudu ba, na cikin taɓo ya taimaka da totur kaɗan. An yi sau uku ba ta motsa ba, a koma ga shebur. In tarakta aka samu, ya ja a hankali daga ƙarfen jansa na ƙasa. Aka ɗaura sama da aksul ɗinsa, gabansa na iya tashi ya kife kan direban. Injin janwe na gaban mota kuwa yana da kyau, sai dai a fadama wace bishiya za ka ɗaura wa? Sai an binne safaya taya a rami mai zurfin kusan mita 1. Ya zama na ƙarshe a jerin sayayya.

Mashigin ruwa, matambayi ba ya ɓata. A tambayi masu babur da masu kwale-kwale, sannan mutum ya shiga da sanda ya auna sawun taya biyun. Ruwan da ya haura gwiwa kuma yana gudu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In za a shiga, a jira minti 15 aksul ya huce, domin ƙarfe mai zafi da ya taɓa ruwan sanyi zuƙo ruwa yake ta ɗan bututun numfashinsa, mai ya koma fari kamar nono, haƙora su ci juna. A shiga da giya ta biyu ta L4, gudu ɗaya, ba taka kuloci a tsakiya. Inji ya mutu a ruwa, kada a murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya same shi, sandarsa ce za ta lanƙwashe. A jawo motar waje, a duba matatar iska, a cire fulogogi ko nozul, a juya inji ya tofar da ruwan tukuna. Bayan an haye a riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe.

Kwana kuma, halin tsaron da ake ciki bai bar wa kowa kwanan daji ba, musamman dazuzzukan Danko-Wasagu da Sakaba, da wajen Augie da kan iyaka. A isa gari kafin la'asar, a gai da mai gari, shi zai nuna fili, 'yan banga su san da baƙi. Baƙuwar mota a duhu bayan gari, ko su kansu abin zargi ce a wurinsu. A juya gaban motar ya kalli hanyar fita, kuma wani a gida ya san hanyar da aka bi, tunda sabis na ɗaukewa. Shimfiɗa ba ta da wuya: tamfol mai mita 3 da 4 a ɗaure gefe ɗaya a rufin mota, ɗayan a kan sanduna biyu, a karkatar da shi don ruwa ya gangara, gidan sauro mai magani, tabarma da katifa a bayan motar ko kan gadon naɗewa, saboda kububuwa da kunama. A kakkaɓe takalmi da safe. Kada a sauka a busasshen rafi, ruwan da aka yi can nesa kan iso da tsakar dare. Gawayi ko janareta ba sa shiga wurin da aka rufe, hayaƙinsu mara wari ne ke kisa cikin barci. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da na lagireto. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, don haka ita da jarkar mai a ƙasan bodi za a ɗaure su, kusa da bayan direba, a bar wa rufi tamfol da katifa.

Wassalam.

Wasu direbobi da makanikai,
Birnin Kebbi.