Uban ɗana ya ƙi karɓar takardun asibitinsa

Assalamu alaikum Anti. Daga Daura nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana.

Ɗana shekararsa 7, sikila gare shi, SS. Ni da babansa duk AS ne, amma danginsa ni suke ɗora wa laifi, sai ka ce ni kaɗai na haife shi. Mun rabu bara, ya karɓe yaron, yanzu yana hannun matarsa.

Daren Laraba ciwon ya tashi, ƙafafu da baya, ga zazzaɓi. Suka kwashe shi sai asibiti, ba kati ba komai. Likita ya tambayi rukunin jininsa, shiru. Wane magani yake sha kullum, shiru. An taɓa ƙara mashi jini? Matar nan ta ce ita ina ta sani. Anti, jikin yaron nan ba ya karɓar Septrin. Yana ɗan shekara 3 ya sha, leɓɓansa suka fashe, fatarsa ta riƙa saɓulewa, tun daga nan aka hana shi duk maganin da ke da sulfa, har Fansidar. Da an ba shi fa? Ni sai da asuba maƙwabciyarsu ta kira ni.

Kuma duk wannan a rubuce yake wurina. Katin rigakafi, takardar gwajin jini, O negative ne, mai wuyar samu, awon jininsa na ƙarshe, da folic acid da Paludrine da yake sha. Ranar da aka zo ɗaukar shi na yi fotokwafin komai, na ƙulle a leda cikin kayansa. Kakarsa ta ciro ta aiko mani da su, wai ina tallata mata jika, ina yi mashi fatan ciwo. Na ce to ko 'yar takarda a saka a jakar makarantarsa da lambar wayata. Uban ya ce lambar bazawara ba za ta shiga mashi gida ba. Ni da na kwana da yaron nan a asibiti yana can yana barci.

Yayana ya ce in kai wa hedimasta kwafi a ɓoye, Innarmu ta ce in yi haƙuri kada su hana ni ganin shi gaba ɗaya. In na kai ba da sanin uban ba, na yi laifi? Ciwon ma da dare ya fi tashi, makaranta na rufe. Anti, in na je kotu da takardun nan, alƙali zai dawo mani da ɗana?